Ranar Da Na Duba Surukina

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba a Gulma ba, zamanin muna Jihar Sakkwato, ina sabon malamin asibiti a ɗan ƙaramin asibitin garin. A lokacin, sabon ma'aikaci ba ya cin gashin kansa sai babban likita ya zo daga Birnin Kebbi ya zauna ya ga yadda yake duba marasa lafiya. In ya gamsu, a bar maka asibitin. In bai gamsu ba, a mai da kai Argungu ka ci gaba da riƙe wa manya kwanon allura.

Likitan namu Bayarabe ne, amma ya daɗe a Birnin Kebbi har Hausarsa ta Kabi ta fi tawa. Ba ya faɗa, ba ya yabo. Kujera kawai yake ja bayanka ya zauna ya harɗe hannu (ni da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi).

Safiyar ta tafi lafiya lau. Na duba mai zazzaɓi, na wanke wa mai gyambo, har na fara jin kaina, ina ɗaga murya ina kiran na gaba. Na gaban da ya shigo kuwa surukina ne, mahaifin amaryar da aka kawo mini kwanan nan.

To, kun san yadda abin yake. Mutumin da in na hango shi a hanyar fadama nake dira daga keke in tsuguna, ban taɓa kallon ƙwayar idonsa ba. Ban san lokacin da na zame daga kujera ba. Sai ga ni durƙushe da farar riga, abin awon ƙirji yana lilo a wuyana, ina jera gaisuwa: ina kwana, ina gajiya, yaya ruwa, yaya shinkafa. Shi ma ya kau da kai yana kallon bango. Da na tambayi abin da ke damunsa (gaskiya simintin ƙasa na tambaya), ya ce jiki ne dai ba daɗi. Na ce Allah ya sawwaƙe, na miƙa hannu daga inda nake na rubuta ƙwayar ciwon jiki, ina Allah-Allah ya tashi.

Sai na ji kujerar baya ta motsa. Likita ya tambaye ni a hankali me na gano. Na ce gajiyar noma. Ya ce a ina na gan ta, tunda ƙafafun mutumin kawai na duba. Na raɗa masa cewa surukina ne. Ya ce ai ya gane tun daga durƙuson.

"A gida surukinka ne," in ji shi. "Nan marar lafiya ne, kuma manomi ne da ke wuni cikin ruwan fadama. Tashi ka tambaye shi fitsarinsa."

Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Na miƙe, na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Baba, wai Likita ya ce... yaya kewayawa?" Likita ya ce ba shi ya ce ba, ni ke tambaya. Haka na faɗa da bakina ɓaro-ɓaro: ko yana ganin jini in ya yi fitsari, ko da zafi, tun yaushe.

Tsohon ya gaya wa bango cewa tun kafin damina yake ganin jini. Ya zo ne don ya ji babban likita yana nan, da ya san ni zai tarar a kujerar da bai tako ba. Na kwantar da shi na danna mararsa ina kallon rufi, Likita yana tuna mini cewa ido ya bi hannu. Tsargiya ce da ta daɗe a jikinsa. Likita ya tafi da shi Birnin Kebbi a motarsa, aka yi gwaji, aka ba shi magani.

Ni dai ba a bar mini asibitin ba ran nan. Likita ya ce aikina ba laifi, amma rabin Gulma surukaina ne, in kowa ya shigo zan durƙusa, gara a turo wani. Zai dawo ya sake gani. Na koma gida raina a ɓace, ga shi ba halin in ba wa matata labari.

Abin da ya cece ni, surukin nawa da ya warke sai ya shiga turo mini ƙannensa da suke noma tare, ɗaya bayan ɗaya, duk da ciwo iri ɗaya. Na farko na sha wuya, na biyu da sauƙi. Ranar da Likita ya dawo, ya tarar da ni ina tambayar ƙanen surukina fitsarinsa ido cikin ido, kamar ina tambayarsa yabanya. Ran nan ya bar mini asibitin.

Har Allah ya karɓi ran tsohon nan, ina durƙusa masa a hanya, kuma ba mu taɓa tayar da zancen ba. Abin da na koya shi ne, kunya tana da kyau amma ba ta gano cuta. Kuma duk sabon malamin asibitin da ya nemi shawarata, ce masa nake ya nemo mata daga wani gari.