Wasiƙar da Masinja Bai Gane Ba

Awa huɗu na yi a layin mai a Gashuwa wata ranar Talata. Da na iso bakin famfo aka ce ya ƙare, na turo babur gida da ƙafa. A ƙofa na tarar da Hamajoɗa zaune, sanda gicciye bisa gwiwa. Makiyayi ne, rugarsu na hanyar Karasuwa, abokin marigayi mahaifina.

"Malam, an amsa?"

"Ba a amsa ba, Baffa."

"To, jar saniyar ma ta kwanta."

Cutar bushiya ce ta shiga garkensa, allura yake nema. Allurar, in ji masu faɗa, tana cikin firjin wani ofishi, mukullin firjin kuma na aljihun Mai Girma Sarkin Sa Hannu, Allah ya ƙara wa alƙalaminsa tawada.

Wasiƙa uku na rubuta wa Mai Girman a madadin Hamajoɗa. Shekara shida na yi ina karatu a Ingila, inda wata tsohuwar malama ta koya mini in faɗi abin da nake so in yi shiru. Haka na yi: shanu na mutuwa, a taimaka da allura. Ko tari ba a yi mana ba.

Maƙwabcina Baba Wakili, wanda ya yi shekara talatin yana masinja kafin ya ajiye aiki, ya karɓi kwafin ya duba, ya yi dariya har da tari.

"Ɗan nan, asarar kuɗin jirgi aka yi. Wannan ai ni ma na gane ta!"

"To laifi ne, Baba?"

"Wa ke karɓar takarda a ƙofa? Masinja. Wadda ya gane, ta talaka ce, sai ƙasan tire. Wadda ya karanta kansa ya sara, daga sama take, da gudu zai hau bene da ita."

Washegari na bi motar kifi zuwa Nguru. A shagon Chukwudi kusa da tashar jirgi na sayi ƙamus mai nauyin turmi. "Oga," in ji shi, "wannan ko Bature sai ya sha ruwa kafin ya buɗe."

Kwana uku muna ƙarƙashin darbejiya mu uku, muna haƙo kalmomi. Ina karanta ma'ana da yadda ake sa ta a jimla, Baba Wakili na tantancewa. Duk layin da ya fahimta sai ya ce a soke. Saniya ta koma bovine. Mutuwarsu ta zama catastrophe. "A yi sauri" ya zama expeditiously, wadda sai da na ciji harshe sau biyu kafin ta fita.

"Wannan doguwar fa?" Hamajoɗa ya ɗora yatsa.

"Procrastination. Wato gobe, gobe, gobe."

"Aradu? Ashe cutar tasu ma tana da suna. Ita akwai allurarta?"

Na kai wasiƙar da kaina. Masinjan ofishin, mai suna Kalli, wanda sau uku yana karɓar takardata da hannun hagu yana cin gyaɗa, ya karanta layin farko ya miƙe tsaye. Ya share hannu a riga. Ya haye bene har yana tuntuɓe.

A nan dabarar Baba Wakili ta ƙare, domin shi iyakarsa ƙofa, bai taɓa sanin abin da ke faruwa a sama ba. Sarkin Sa Hannu ma bai gane ba. An ce matambayi ba ya ɓata, amma babba ba ya tambaya. Sai ya buga mata hatimi ya tura wa na samansa, Rankashidaɗe Uban Fayil. Shi ma ya duba, ya gyaɗa kai, ya tura gaba. Kowa ya yaba, ba wanda ya buɗe firji.

Bayan mako uku sai ga Landiroba har ruga, ina can. Wani mai kwat ya sauko yana tsallake kashin shanu. Na leƙa bayan motar, ba akwatin ƙanƙara.

"Wane ne ya rubuta takardar nan?"

"Ni ne."

"Madalla! Oga ya ce ka rubuta masa jawabin bikin makon lafiyar dabbobi. Irin wannan Turancin yake so."

"Allurar fa, ranka ya daɗe?" in ji Hamajoɗa.

"Ana duba lamarin, Baba."

Shanu arba'in da ɗaya gare shi da farkon rani. Ranar, bakwai ne a tsaye. Da motar ta tafi ya daɗe yana kallonsu, sannan ya juyo.

"Malam, duba mini littafin nan naka. Akwai kalmar abin da ke isowa bayan mai shi ya mutu?"

Akwai. Posthumous. Ya maimaita ta har ta zauna a bakinsa.

"To sa masa a jawabin."

Na sa, a layin farko, a matsayin kirarin aikin ofishinsa. Asabar zai karanta. Mai son kujera ya je da wuri, don na tabbata a daidai nan za a fi tafi.