Yadda Za Ka Girka Wasan Tuƙin Bas a Kwamfutar Matarka Ba Ta Sani Ba

A gindin bishiyar da muke dara a tsakar unguwarmu aka ƙulla cinikin, ni ne shaida. Tsoho Kuang, wanda ya yi shekara talatin da ɗaya yana tuƙa bas a nan birnin Changsha na ƙasar Sin kafin a sallame shi da agogon bango, ya riƙo hannun rigar Teng mai yankan makulli.

"Ɗan'uwa Teng, an ce akwai wasan tuƙin bas a kwamfuta. Har da fasinja, har da birki mai huci."

"Akwai. Matsattse ne, irin wanda aka ƙunshe kamar busasshiyar taliya, sai an jiƙa ya kumbura. Me za ka ba ni?"

"Rabin kyafaffiyar agwagwa."

"Guda. Rabi ai sai rabin bas."

"To guda, ɓarawo. Amma kada tsohuwar gidana ta ji ko ƙamshin maganar."

Suka tafa. Abin da ya biyo baya shi na tsara maka daki-daki. Ni a aji uku na firamare na tsaya, amma na ga duniya, kuma na yi maka alkawari: in ka bi matakan nan ba tsallake, wasa zai hau kwamfuta. Tabbas zai hau.

Mataki na ɗaya: San mai kwamfutar

Ba taka ba ce. Kai ka saya, amma ba taka ba ce. Ta gidan Kuang tana hannun matarsa, Yaya Guilan, shugabar matan da ke rawar motsa jiki a tsakar unguwa, kuma duk kiɗansu yana ciki. Ta gaya masa ranar da ya taɓa ta, sandunan kamun kifinsa za su bi mai gwangwan. Bakwai ne, ɗaya ma gadon mahaifinsa.

Saboda haka nemi lokacin da ba ta nan. Ita Guilan kullum ƙarfe takwas na safe take jan ƙatuwar lasifikarta mai taya ta fita, ba ta dawowa sai sha ɗaya. Gidan a ƙasa yake, filin rawar a gindin taga. Ja labule. Kada ka damu da kusancin. Masu hikima sun ce wanda ke rawa ba ya waiwaye.

Mataki na biyu: Samo gwani

Gwani na gaske ba ya cewa "ban sani ba", sai dai ya ce "hmm". Teng ya shigo da filashi a aljihu da tabarau a goshi, ya dubi kwamfuta ya ce "hmm" sau uku. Kuang ya ji hankalinsa ya kwanta, ya miƙa agwagwa tun kafin a fara.

Kai kada ka miƙa. Wannan kaɗai na yarda ka saɓa.

Mataki na uku: Raɗa wa folda sunan da ba mai buɗewa

Wasa sai da ɗakin da za a ajiye shi. In ka rubuta "Wasan Bas", ka kai kanka ƙara. Teng ya ce a sa "Takardun Fansho".

"Kai wawa ne? Nan za ta fara leƙawa!" in ji Kuang.

Ya yi tunanin shekara arba'in na aure, sannan da yatsa ɗaya, cikin kyakkyawan rubutunmu na Sinanci, ya buga: "Maganin Basir na Kuang". Ba shi da basir, duk da shekarun da ya kwashe a kujerar direba, abin da yake alfahari da shi har a wurin dara. Amma wa zai buɗe?

Teng ya jinjina masa. "Yaya Kuang, da ka yi boko da tuni kana mulki."

Mataki na huɗu: Sallami maigadi

A cikin kwamfuta akwai wani maigadi mai hana ƙwayar cuta shiga. Da ya ga matsattsen wasa zai fara ihu da jan rubutu. Kashe shi. In zuciyarka ta ce, "To in da gaskiyarsa fa?" ka tuna maigadin ƙofar unguwarmu ma kullum ihu yake yi, kuma kekuna uku kacal aka sace bana.

A kusurwar allon kuma za ka ga ɗan akwatin kiɗa, don masu matse wasannin nan suna son a sha kiɗa ana jira. Cire alamar da ke cikin akwatin tun kafin kiɗan ya fara. Riƙe wannan a ranka.

Mataki na biyar: Jira, kada ka yarda da agogo

Wani koren layi zai fara rarrafe, a ƙasansa an rubuta saura minti uku. Minti ukun nan irin na direba ne da ke ce wa fasinja "yanzu za mu tashi". Kuang ya gane yaren, bai yi fushi ba. Ya zauna hannu biyu a gaba yana murza sitiyarin da babu.

Da layin ya kai tamanin da bakwai cikin ɗari sai ya cije. Wani akwati ya fito da Turanci. Su biyun suka ƙura masa ido kamar masu duba takardar likita.

"Me ya ce?"

"Zafi," in ji Teng. "Injin ya ɗau zafi."

Rana ta biyu suka kafa mata fanka, suka ɗora ta a kan ledar daskararren kifi. Tamanin da bakwai. Rana ta uku Teng ya ce wuri ne ya yi kaɗan, aka goge hotunan bikin ƙanwar Guilan. Tamanin da bakwai. A lokacin agwagwa ta zama ƙashi, Kuang kuma ya fara tambayar inda ake sayar da sabon makulli, don wani mai yankan makulli zai iya rasuwa.

Mataki na shida: Girmama kiɗan mutane

Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Rana ta huɗu Teng ya zo da sabon ilimi.

"Na gano. Mutum ya wahala ya matse wasa, ya sa masa kiɗa, mu kuma kullum muna toshe masa baki. Kai za ka yi aiki?"

Suka bar alamar, suka danna. Shiru. Teng ya ƙara murya. Shiru. Ya kai ta ƙarshe.

Abin da ba su sani ba, lasifikar Guilan tana haɗuwa da kwamfutar ba da waya ba, kuma ranar wayar Guilan ta mutu, lasifika ta laluba ta kama tsohuwar ƙawarta ta cikin taga. Ina gindin bishiya na gani da idona. Mata talatin sun ɗaga jajayen mafitai suna jiran waƙar furen magarya, sai wani kiɗa ya fashe, ƙi-ƙi-ƙi-dum, kamar an zuba kwaɗi a injin niƙa. Tattabaru suka watse. Inna Lu mai shekara saba'in da takwas ba ta tsaya tambaya ba, ta kama rawa.

Mataki na bakwai: In an kama ka, tsaya a gaban allo

Kuang bai tsaya ba, labule ya je leƙawa. Kafin ya juyo, Guilan tana tsakar ɗaki da mata shida a bayanta, Teng kuwa ya tuna ya bar wani makulli a kan wuta.

Layi ya kai tamanin da bakwai, akwati ya fito. Inna Lu ta gyara tabarau, ta tsallake Turancin, ta karanta abin da ta iya da muryar mai ciwon kunne: "Maganin... Basir... na Kuang! Wayyo, bawan Allah, shi ya sa yake tafiya haka!"

"Lafiyata lau! Wasa ne! Wasan bas!"

"Duk haka suke cewa," in ji wata.

Guilan ta dubi kifinta da ya narke, ta dubi mijinta, ta ture shi gefe ta hau kujera. "Tsohon banza. Matsattsun wasannin nan ba su iya karanta rubutunmu ba. Da sun ga sunan folda da shi, sai su cije." Ta goge sunan, ta buga abc da baƙaƙen Turawa, ta sake dannawa.

"Ke a ina kika sani?"

"Kana tsammanin kiɗa kaɗai nake yi in ka tafi kamun kifi? Shekara biyu ina da gona a ciki, shanu ɗari huɗu."

Kafin a gama dafa shinkafar rana, layi ya cika ɗari.

Wa ya ci, wa ya faɗi

Teng ya ci agwagwa guda, yanzu kuma in an kira shi gyara yana cewa "hmm, abc". Matan rawa sun sami sabon kiɗa, da shi za su shiga gasar gunduma. Guilan ta ci wasa, ta ci sanduna shida, ta bar masa ta gadon. Kullum da rana ita ke tuƙa bas, Kuang na gefe yana ihu, "Birki, tsohuwa, birki!" tana ce masa an hana fasinja magana da direba.

Shi kuwa ya sami man shafawa kwalba tara, da ganyen jiƙo, da matashin zama mai rami a tsaka da Inna Lu ta ɗinka da hannunta. Ya yi wata guda yana rantsuwa ba shi da basir. Yanzu a kan matashin yake zama a wurin dara, wai yana da taushi.

Na ce maka wasa zai hau, ya hau. Ban ce kai za ka tuƙa ba. Duk abin da ya sami kwamfutarka, ko aurenka, ko sunanka a unguwa, ba hannuna ba ƙafata. In matarka ta zo nemana, ni mai gyaran lema ne, ban ma iya karatu sosai ba.