Ranar da Na Rina Furar Surukaina

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na rina furar surukaina, ko da zan manta sunayen jikokina (dama na fara).

Zamanin Faransa ne. Na ɗan leƙa lakwal, wato makarantar boko, a Magaria, na fito da “bonjur” da girman kai, aka sa ni riƙe wa wani Nasaran gona kwalabe. Mutumin nan ba shi da aiki sai gwada gero da dawa da masara. Ya niƙa kowanne, ya dama, ya ɗiga jan maganin nan na gyambo, sai ruwan ya juye. Wani iri ya yi shuɗi kamar baban rini, wani ya tsaya ja-ja. Ya ce amido ne, wato abin da ke sa tuwo kauri, kuma kowace ƙwaya gadonsa take yi daga iyayenta, yadda ɗa ke gadon hancin ubansa.

Daga nan ƙafata ta daina taɓa ƙasa. In na ratsa gonaki da la'asar, iska na kaɗa zangarniya, sai in ga kowace da ɗan guntun sararin sama ɓoye a cikinta, kuma duk Damagaram ni kaɗai na sani. Har ina hango kaina da farar hula irin ta Nasara, manoma sun yi layi da ƙoren iri, ina gaya wa kowa kakannin geronsa.

Lokacin ina neman Hajara, 'yar Malam Idi na Dogo-Dogo, shi kuwa yana jan ƙafa, wai ɗan lakwal ba ya da nutsuwa. Na je gaisuwa. Uwarta ta aiko da fura zaure. Mai kunya godiya yake yi, ya jira suruki ya tashi. Ni sai na zaro kwalba (aro na yi, mai ita bai sani ba).

“Baba, bari in nuna muku asalin geronku, don gero ma gado yake yi.”

Na ɗiga. Shuɗi ya bazu a hankali kamar hadarin gabas. Kai, abin ya yi kyau! Ina murmushi sai na ji salati daga bayan zana.

“Sammu yake nema a furata? Malam, ni zan kashe ɗan mutane?”

Malam Idi ya dubi ƙwarya, ya dube ni.

“Ɗan nan, ka ce gero ma gado yake yi?”

“I, Baba.”

“To kai wa ka gado? Na san ubanka, lafiyarsa lau.” Ya turo mini ludayi. “In ba zargin uwarta kake ba, shanye.”

Jama'a, a gaban suruki! Na sha, ga ɗaci, ga gumi, ga dariyar Hajara tana ɓullowa ta ramukan zana. Na shanye tas, na buɗe baki in yi godiya, harshena kamar na lashe marina.

Ashe abin da ya cece ni ke nan. Inna, uwar Hajara, ta ce wanda ya shanye wannan masifa don kada ta yi kuka, a ba shi, zai iya zama da 'yarta.

Abin da na koya: in za ka gidan surukai, ka bar iliminka ƙofar zaure tare da takalma. Har yau in Hajara ta dama fura, sai ta durƙusa da ladabi ta ce, “Malam, a haka za a sha, ko a kawo kwalba?”