Yadda Za Ka Tsallake Ranar Duba Gida Ba Tare Da Ka Gyara Komai Ba

Kai mai gidan haya, wanda gwamnati ke biya maka kaso mafi tsoka saboda mai zama a gidan ba ta da ƙarfi: ka san duk shekara ana turo mai dubawa, in gidan ya faɗi a tsayar da kuɗin. Kwantar da hankalinka. Ga hanyar da maƙwabcina Mista Purvis ya bi a nan Toledo ta Amurka. Bi ta sau da ƙafa, gidanka sai ya ci.

1. Sayi farin fenti.
Duk abin da ya lalace, shafe shi. Purvis ya shafe bango, ya shafe tsagar bangon, ya shafe taga har ta daina buɗuwa. Akwai wani kyankyaso da bai yi saurin kaucewa ba, yana nan a bangon kicin, fari fat.

2. Girmama 'yar hayarka na kwana uku.
Tasa sunanta Mis Earlene, tsohuwa mai shekara saba'in da ɗaya. Tun Nuwamba take kiransa kan na'urar ɗumama gida da ta mutu, ba ya ɗauka. Ana saura kwana uku sai ga shi da soyayyar kaza a kwali.

"Mis Earlene, ke dai ba kya tsufa."

"Sanyi ne, ɗan nan. Ba ya barin nama ya lalace."

3. Tuna mata abin da za ta rasa.
Da murmushi za ka yi. "In gidan ya faɗi, ni kuɗi kawai zan rasa," in ji Purvis. "Ke kuwa sai neman wani wuri."

Ta san gaskiya ya faɗa. Shekara huɗu ta yi a layi kafin takardar tallafinta ta fito, kuma yawancin masu gida da sun ji kalmar tallafi sai su kashe waya. Ga cocinta a bayan layi, ga bas ɗin asibiti a ƙofa. Ta ci kazarta.

4. Ari ɗumi.
Ranar dubawa da safe ya kawo hita uku na lantarki masu ɗumama ɗaki, ya kunna su har gilashi ya yi gumi, ya mayar da su but ɗin motarsa minti goma kafin lokaci. Masana sun tabbatar ɗumin aro yana kai rabin awa.

5. Cika ta da surutu.
Mai dubawa, Misis Novak, ta yi lattin minti ashirin. Purvis ya bi ta ɗaki-ɗaki da labarin ciwon gwiwarsa. Ta buɗe famfo, ta kankare taga da makulli, gidan kuwa yana ta hucewa. A falo ta ja zif ɗin rigarta har wuya, ta dubi tsohuwar.

"Mama, na'urar ɗumin nan tana aiki?"

6. Kada ka kalli 'yar hayar.
Purvis ya kalle ta. Mis Earlene ta gyara tabarau. In ta ce a'a, tana iya rasa gidan. In ta ce e, ta sayi sanyi har Afrilu.

"Ai mai gyara na zuwa gobe da safe, 'yata," ta ce. "Sabuwa ma za a sa. Mista Purvis ya ce ba ya iya barci in ya tuna ni. Ko ba haka ba, ɗan nan?"

"Haka ne," ya ce.

"Da matakalar baya."

Ya maimaita gyaran da ta ƙara masa: "Da matakalar baya."

Misis Novak ta rubuta, ba ta ko ɗaga kai ba. "To madalla. Jibi zan dawo in ga sabuwar."

7. Karɓi sakamakonka.
Bayan kwana biyu ta dawo, gida ya ci, kuɗin gwamnati bai tsaya ba.

Hattara: mai wannan rubutu ba ya ɗaukar alhakin kuɗin na'ura, ko na kafinta, ko hawan jinin kowa. Mai ƙorafi ya je ya samu Mis Earlene. Tana falonta da riga mai gajeren hannu, tana fifita, a tsakiyar Janairu.