Yadda Za Ka Zama Zakaran Wasan Haruffa da Yaren Kilingon a Toranke

Kai da kullum ake lallasa ka a wasan nan na jera haruffa a kan allo su ba da kalma, share hawayenka. Dabarar nan tabbas ce. Mu'az na Toranke ya gwada ta a gabana, kuma saura ƙiris ta yi masa aiki.

Mataki na 1: Sauya yare

Mu'az ya sha kashi a hannun abokinsa Hafizu da Hausa, ya sha da Turanci, har abin ya fara hana shi fitowa majalisa. Sai ya tono Kilingon a waya, yaren da aka ƙirƙira wa wasu mayaƙan sararin samaniya na fim, masu goshi kamar an yi huɗa. Daga Gaya har Ajingi babu mai jin sa. Shi ma Mu'az ɗin kaɗan ya tsinta, amma wa ya sani?

Mataki na 2: Sassaƙa haruffanka

Na kanti ba za su yi ba. Yaren ba shi da k, ba shi da f, sai wani harafi wai shi tlh da ake cusawa a gida ɗaya. Fasa tsohuwar ƙwarya, yanka sakaina, rubuta. Ka fara tambayar matar gida wacce ce tsohuwar. Mu'az bai tambaya ba.

Mataki na 3: Naɗa kanka alƙali

Duk abin da ka jera, karanta shi daga maƙogwaro kamar ƙayar kifi ta maƙale maka. Duk abin da abokin wasa ya jera, girgiza kai cikin tausayi ka ce kalmar nan babu ita. Masana sun tabbatar tausayin ya fi ƙin yardar ciwo.

Mataki na 4: Sa sharaɗi

Lokacin cirar gyaɗa ne, ƙasa ta fara tauri. Aka yi alkawari a gaban jama'a: wanda ya faɗi zai cire wa wanda ya ci gyaɗarsa kaf. Kafin la'asar Mu'az ya yi wa Hafizu fintinkau, har yana kwatanta masa hanyar gona.

Mataki na 5: Duba hanya kafin ka shimfiɗa tabarma

Nan Mu'az ya yi sake. Sai ga Malam Datti, uban matarsa, ya yi sallama ya tsaya kallo. Hafizu ya miƙe zumbur.

"Baba, ga wuri. Ka karɓe ni, har da sharaɗin."

Malam Datti ya ji sharaɗi, ya tuna faɗin gonarsa, ya zauna. Mu'az ya zame daga tabarma ya durƙusa, kai a ƙasa. Dattijon ya kwashi sakainarsa duka ya jera, wasu ma a kife, ya yi wani irin gyaran murya.

"Ko babu ita, Malam Mu'azu?"

Wane ne zai dubi surukinsa a bainar jama'a ya ce ya yi ƙarya?

"Akwai ta, Baba."

"Madalla. Me take nufi?"

"Raƙumi... mai tafiya a sama."

Haka aka yi ta yi. Malam Datti yana zubawa, Mu'az yana tabbatarwa, yana kuma ƙago fassara da bakinsa, Hafizu yana haɗa maki yana danne dariya. Da sakaina ta zo ƙarewa, dattijon ya ajiye ta ƙarshe.

"Wannan fa?"

Mu'az ya dubi tafin hannunsa.

"Tana nufin zan zo da fartanyata, Baba."

"Yare mai ladabi," in ji Malam Datti. "Ka taho da ruwan sha, gonar da nisa."

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba shi da hannu a ciwon baya, kantar hannu, ko fushin mai ƙwarya. Wanda surukinsa ke bi ta majalisa, ya yi haƙuri da shan kashinsa da Hausa. Masu ƙorafi su same ni, amma da Kilingon kawai nake sauraro, kuma ni ne alƙali.