Ranar da Na Yi Shuka da Sandar Likita

A kasuwar albasa ta Goronyo an san ni da abu guda: hannuna ba ya rawa. Ko farashi ya faɗi warwas, hulata ba ta karkacewa. Don haka da Likita Bulus, mutumin Jos da ke aiki asibitinmu, ya fito da sandunan buga ƙwallon golf bayan gari gab da damina, na ce ya miƙo guda.

"Alhaji, ja numfashi tukuna," in ji shi.

Na ce ya ajiye wa majinyata shawararsa.

Ina waigawa na ga rabin kasuwa ta biyo ni kallo. Na yi saurin ɗaga sanda. Na kai duka, ƙasa ta tashi, ƙwallo ko gezau. Likita ya matsar da ita gaba, na sake haƙa wani ramin. Haka muka yi ta tafiya.

Sai ga Baba Ummaru, tsohon manomin Boyekai, yana bin bayana da gero a aljihu, yana zubawa yana rufewa da diddige.

"Ci gaba, ɗana, mi kaka jira? Layin bai kai ba."

Abin takaicin, geron ya tsiro. Yanzu da hadari ya haɗu sai a aiko: a gaya wa Alhaji Sungumi gona na jiran shi.