Lefen Habu da Fankar Ruwa

Ba zan taɓa mantawa da ranar da muka kai lefen ƙanena Habu ba, ko da kuwa na so in manta.

Laifin wata fanka ne da na saya da bazara, irin wadda ake ɗura wa ruwa ta riƙa feso sanyi. Duk wanda ya san zafin Gombe a watan Afrilu ya san abin da nake nufi. Ɗakina a unguwar Malam Inna ya zama wurin hira, ni kuma kai ya kumbura (har lacca nake yi wa maƙwabta a kan yadda ake ɗura ruwan, sai ka ce ni na ƙera ta).

Da aka haɗa lefe a watan Agusta, ni na ce a kawo ɗakina. Habu tela ne, shekara biyu yana tara kayan nan, kuma dangin amarya mutanen Borno ne, ba sa wasa da lefe. Hikimata ita ce kada zafi ya narkar da jan baki da mayuka. Sai na buɗe akwatin takalma da jakunkuna inda aka zuba kayan shafan, na saita fanka a kansa, na rufe tagogi ruf don kada sanyi ya gudu. Ana marka a waje, ni ina ƙara ruwa a ciki.

Goggo, ƙanwar babanmu, ta leƙo wata rana ta ce, "Ke, ɗakin nan naki kamar bakin rijiya. Jikina har danƙo yake yi. Buɗe taga mana."

Na ce, "Goggo, ai sanyin zamani ne."

Saura mako ɗaya a kai lefe na zuge akwatin na rufe, ban ƙara dubawa ba.

Ranar kai lefe muka isa gidan su amarya a Tudun Wada, falo cike da mata, ni ce a gaba ina buɗe akwatuna ina ɗaga atamfofi da leshi. Da na zuge na takalman, warin ne ya fara gaishe mu. Takalmi baƙi ya koma kore, jakar fata ta yi gashin funfuna fari fat. Guɗar da wata ta ɗauko ta maƙale a wuya. Wallahi ba kunyata ce ta fara zuwa mini ba, Habu na tuna, da daren da yake kwana a kan keken ɗinki. Na ji hawaye na taruwa.

Sai Hajja Falmata, yayar uwar amarya, ta miƙo hannu ta mayar da murfin a hankali.

Ta ce, "'Yata, kin yi gaggawa. Mu a gidanmu ba a buɗe akwatin takalma a gaban jama'a sai an turara shi. Ku kai mini ɗaki."

Aka ci gaba da kallon sauran kaya, guɗa ta dawo. A ɗaki Hajja Falmata ta ba ni tsumma, ta ɗauki ɗaya, muka goge takalman nan tas, kaskon turaren wuta na hayaƙi a gefe. Ta ce daminarsu ta farko a Gombe, bayan sun gudo daga rikicin Borno, ɗakin haya marar taga suka samu, ɗan kayan da suka tsira da su haka suka yi. Ba ta tambaye ni komai ba.

Bayan biki na ce wa amarya al'adar nan tasu ta turara akwati ta burge ni. Ta dube ni ta ce, "Yaya, wace al'ada kuma?"

Yanzu da hadari ya haɗu nake zubar da ruwan fankar in buɗe tagogi. Idan Goggo ta ce jikinta na danƙo, ba na yi mata lacca. Duk sallah kuma ƙafata ta farko gidan Hajja Falmata take zuwa, kuma har yau ba ta taɓa ambaton takalmi a gabana ba.